Wane Tushe Za a Koma? Nazarin “Zuciyar Yoga” na Desikachar

Kowane fanni da ake koyo da jiki yana da wata mararraba da ɗalibi kan iso bayan ƴan shekaru. Gaɓoɓi sun saba, an haddace jerin motsi, abin da ke ba da wuya a da ya zama kamar shan ruwa, amma ƙaruwa ta tsaya cik. A wannan wuri mafi yawan mutane sukan nemi abin da ya fi wuya, bisa zaton cewa gaba kaɗai ce hanya. Littafin The Heart of Yoga, wato Zuciyar Yoga, wanda malamin nan ɗan ƙasar Indiya T. K. V. Desikachar ya wallafa cikin harshen Ingilishi a 1995, an rubuta shi ne domin wanda ya yarda ya juya baya, ya koma darasin farko, ya sake duba shi da idon da ya riga ya ga abubuwa. Ƙaramin sunan littafin ma ya nuna haka, domin yana magana ne a kan yadda mutum zai gina aikin yoga na ƙashin kansa. An sake buga shi da gyara a 1999, kuma ya shiga jerin littattafan da makarantun horar da malaman yoga ke ɗora wa ɗalibansu a ƙasashe da dama. Tambayar da ke ƙarƙashinsa ta shafi duk mai koyarwa, ko ba ruwansa da yoga: in an ce a koma tushe, wane tushe ake nufi, kuma wa ya tabbatar cewa shi ne tushen?

Yoga da duniya ta sani a yau hoto ce kafin komi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga watan Yuni a wani ƙuduri na Disamba 2014, aka fara bikin a 2015, sa'an nan hukumar UNESCO ta sanya ta cikin gadon al'adun bil Adama a 2016. Abin da ke yawo a talabijin da wayoyin hannu shi ne matashi ko budurwa mai jiki kamar igiya, an lanƙwashe baya har kai ya taɓa diddige, ko an tsaya bisa hannu ɗaya a bakin teku. Wannan yanayi da ake sanya jiki a ciki a tsaya shi ake kira asana. Mai kallo yakan ɗauka cewa gwaninta a yoga ita ce yawan asanar da mutum ya iya da kuma wuyarsu. Littafin Desikachar ya yi wa wannan fahimta taurin kai tun daga zanen da ke cikinsa: in an ɗebe tsofaffin hotunan mahaifinsa, abin da ke koyar da mai karatu ƴan mutum-mutumi ne na layi-layi, irin waɗanda yaro ke zanawa a kan allo, ba fuska, ba shekaru, ba a san namiji ne ko mace ba. Babu jikin da za a yi wa hassada a ciki.

Ba za a gane nauyin wannan zaɓi ba sai an san gidan da marubucin ya fito. Mahaifinsa, Tirumalai Krishnamacharya, an haife shi a 1888, ya rasu a 1989 yana da shekara 100, kuma shi ne mutumin da mafi yawan rassan yogar zamani ke komawa gare shi. A shekarun 1930 sarkin Maisur, a kudancin Indiya, ya ba shi wuri a fadar Jaganmohan domin ya koyar, kuma ɗalibansa na lokacin galibi samari ne masu ƙarfi a jika, waɗanda yakan zaga da su gari-gari suna nuna bajinta a gaban jama'a. Daga wannan makaranta K. Pattabhi Jois ya fito da tsarinsa na jerin asanoni da ba a canzawa, ana bin su da sauri da zufa. Daga nan B. K. S. Iyengar, ƙanen matar malamin, ya fito da nasa tsarin na daidaita kowace gaɓa da awo, wanda ya zuba cikin littafinsa Light on Yoga na 1966, mai asana wajen 200 da hotuna wajen 600. Daga nan kuma Indra Devi, ƴar asalin birnin Riga, ta ɗauki abin da ta koya ta kai wa taurarin fim na Holiwud a ƙarshen shekarun 1940. An rufe makarantar Maisur a 1950, bayan Indiya ta sami ƴanci sarakuna sun rasa iko, sai malamin ya koma birnin Madras, wanda yanzu ake kira Cennai. A can ɗalibansa suka sauya: dattawa, marasa lafiya, mata masu ciki, ma'aikatan ofis masu ciwon baya. Koyarwarsa ita ma ta sauya, ta zama ta mutum ɗaya-ɗaya, mai taushi, mai kama da aikin magani.

Wannan Krishnamacharya na biyu shi Desikachar ya gada. An haife shi a 1938, ranar 21 ga Yuni (kwanan da daga baya ya zama ranar yoga ta duniya, ko da yake ba dominsa aka zaɓe ta ba), ya yi karatun injiniya, kuma bai damu da aikin ubansa ba sai a 1961. Labarin da ya sha bayarwa shi ne, ya ga wata Baturiya ta rungume tsohon tana godiya domin ya raba ta da rashin barci, sai ya ajiye aikin da aka ba shi ya zauna koyo, bai tashi ba sai da uban ya rasu. A 1976 ya kafa cibiyar Krishnamacharya Yoga Mandiram a Madras tare da A. G. Mohan, kuma a wannan shekara ya gabatar da laccoci a jami'ar Colgate ta Amurka, waɗanda su ne asalin babban sashen littafin. Shi ya sa babi-babi ke ƙarewa da tambaya da amsa, harshen kuma na mai magana ne a gaban ɗalibai. Hannun injiniya yana bayyane ko'ina: kafin a ɗora kaya sai an tambayi abin da ƙasa za ta iya ɗauka.

Mafi ƙarfin abin da ke cikin littafin shi ne abin da ya ce game da numfashi, kuma nan ne ya kamata mai karatu ya daɗe. A wajen Desikachar, motsin da ba a ɗaura shi da numfashi ba bai zama asana ba tukuna, atisaye ne kawai. Ƙa'idar mai sauƙi ce a faɗa. Duk motsin da ke buɗe ƙirji, kamar ɗaga hannuwa sama ko lanƙwasa baya, ana yin sa ne tare da jan numfashi. Duk motsin da ke matse ciki, kamar sunkuyawa gaba ko murɗa gadon baya, ana yin sa ne tare da sakin numfashi. Wajen ja, ƙirji ake fara cikawa, iska ta gangara ƙasa, domin ƙashin baya ya miƙe. Wajen saki, mara ake fara janyewa ciki. Ana ɗan ƙuntata maƙogwaro har iska ta riƙa fitar da wani siririn sauti, abin da suke kira ujjayi, domin kunne ya ji abin da ido ba ya gani. Tsawon numfashi shi ke yanke tsawon motsi: in jan numfashi na daƙiƙa biyar ne, hannu ya ɗauki daƙiƙa biyar kafin ya kai sama.

Amfanin wannan ƙa'ida ga wanda ya daɗe yana yoga ya wuce yadda take a takarda. Mutumin da ya shekara goma yana tsayuwa bisa kai, in aka ce ya ɗaga hannuwansa kawai sau shida, kowane ɗagawa daidai da numfashi, ba gaggawa ba jinkiri, sau da yawa a karo na uku hankalinsa ya tafi kasuwa, hannu ya riga numfashi isa. Abin da ya ɗauka ya wuce shi tun shekarar farko, ashe bai taɓa yin sa ba. Numfashi ya zama ma'auni ke nan, kuma ma'auni ne da ba ya karɓar cin hanci. Ana iya tilasta wa cinya ta miƙe, ana iya cije leɓe a ɓoye zafi, amma da zarar an wuce iyakar jiki sai numfashi ya gajarce, ya riƙa yankewa, sautin maƙogwaro ya yi kaushi. Desikachar ya mayar da hukunci daga madubi da idon jama'a zuwa ga wani abu da mai aikin kaɗai ke ji. Wannan shi ne ma'anar “na ƙashin kai” a sunan littafin, kuma ita ce gudummawarsa ta gaske.

Daga nan sauran ƙa'idodin ke tsirowa. Akwai bambanta siffar asana da aikinta: in manufar sunkuyawa gaba ita ce a saki gadon baya, to wanda jijiyoyin bayan cinyarsa suka yi tauri ya lanƙwasa gwiwa, domin nacewa a kan miƙaƙƙiyar ƙafa zai ba shi siffar ya hana shi amfanin. Akwai shiga asana da fita daga cikinta sau da yawa kafin a tsaya a ciki. Akwai abin da ake kira winyasa kirama, wato jera matakai bisa hikima: a fara daga inda mutum yake a wannan rana, a hau a hankali zuwa abin da aka nufa, sa'an nan a sauko ta yadda zai iya komawa harkokinsa, domin wanda zai shiga aji da safe da wanda zai kwanta barci ba jeri ɗaya ya dace da su ba. Akwai kuma asanar warwara, wadda ke biyo bayan kowace asana mai nauyi domin ta kwance abin da ta ɗaure, kuma shawararsa ita ce a zaɓi mafi sauƙin da zai yi aikin. Wanda ya tsaya bisa kai ya tashi ya tafi, bai warware wuyansa ba, bashi ya ci, kuma jiki ba ya yafe bashi. A 2012 ɗan jaridar Amurka William Broad ya tayar da ƙura da littafinsa The Science of Yoga, inda ya tattaro rahotannin raunukan wuya da na baya da ke biyo bayan tsayuwa bisa kai da bisa kafaɗu. Masu yoga da yawa sun fusata. Wanda ya karanta Desikachar da kyau bai ga sabon abu a ciki ba.

Duk wannan marubucin ya jingina shi ga Yoga Sutra na Patanjali, wanda ya fassara gaba ɗaya a kashi na uku na littafin. Matani ne na Sansikirit mai gajerun jumloli 195 ko 196, gwargwadon ruwaya, cikin babi huɗu, kuma masu bincike na yanzu suna sanya shi wajen ƙarni na 4 zuwa na 5 na miladiyya. Ya lissafa gaɓoɓin yoga takwas: kame kai game da mutane, ladabtar da kai, asana, sarrafa numfashi, janye gaɓɓan ji daga abin da ke jan su, tsayar da hankali, zurfafa tunani, da nutsewa gaba ɗaya. Abin da ke ba sabon mai karatu mamaki shi ne jumloli uku rak aka keɓe wa asana a cikin littafin duka, ba a ambaci sunan ko guda ba, kuma siffa biyu kawai aka nema daga gare ta: ta kasance tabbatacciya, ta kasance da sauƙi. Ita kalmar ma daga “zama” ta samo asali. Desikachar ya riƙe waɗannan siffofi biyu ya mai da su awon kowane motsi, kuma a nan hujjarsa tana da ƙarfi. Haka nan inda ya yi sharhin shingaye tara da Patanjali ya ce suna tare hanya, daga ciwo da kasala da kokwanto har zuwa biyun ƙarshe, wato kasa kai wa mataki na gaba da zamewa daga matakin da aka riga aka hau. Waɗannan biyun su ne ciwon tsohon ɗalibi. Cikin alamomin da matanin ya ce suna rakiyar shingayen akwai rawar jiki da rikicewar numfashi, don haka ɗaukar numfashi a matsayin mai ba da labarin halin zuciya ba ƙagen Desikachar ba ne, yana da madogara a tsohon littafi.

Sai dai akwai wani tushe na biyu da littafin ke nuni gare shi, na tarihi da silsila, kuma shi ne wurin da ƙasa ba ta da ƙwari. Hirar da aka buɗe littafin da ita tana gabatar da Krishnamacharya a matsayin magajin wani ilimi da ya gangaro ba yankewa: zuriyar Nathamuni ne, wani waliyyin mabiya Wishnu na wajen ƙarni na 9 zuwa na 10, kuma ya zauna shekara bakwai a wajen wani malami kusa da tafkin Manasarowar a Tibet. Littafin Yoga Rahasya, wanda ake danganta wa Nathamuni kuma ake kafa hujja da shi a kan daidaita yoga da shekarun mutum da halinsa, ba shi da wani tsohon kwafi da aka sani. Labarin da gidan ke bayarwa shi ne Krishnamacharya ya karɓe shi ne cikin wani yanayi mai kama da wahayi yana ɗan shekara 16, a wurin bauta na Alwar Tirunagari. Reshen Jois ma yana da nasa ɓataccen littafi, Yoga Korunta, wanda aka ce ƙwari sun cinye. David Gordon White, a littafinsa na 2014 game da tarihin Yoga Sutra, ya jera ruwayoyin rayuwar malamin ya nuna yadda shekarunsu ke karo da juna. Ɗa ba ya tuhumar ubansa a bainar jama'a, balle uban da shi ne malaminsa, kuma ba wanda zai ga laifinsa a kan haka. Amma mai nazari ba ɗa ba ne.

Binciken da ya biyo bayan fitowar littafin ya ƙara dagula lissafi. Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 asana 15 ya bayyana, Gheranda Samhita da ya zo bayansa ya kawo 32, kuma Swami Vivekananda, wanda ya gabatar da yoga ga Amurkawa bayan taron addinai na Cikago a 1893, raina aikin asana ya yi. To daga ina ɗaruruwan suka fito? Norman Sjoman a 1996 ya duba littattafan fadar Maisur ya ga alaƙa da atisayen ƴan kokowa da na motsa jiki da ake yi a fadar. Mark Singleton, cikin Yoga Body na 2010, ya tafi nesa da haka: ya nuna yadda guguwar gina jiki ta farkon ƙarni na 20, da atisayen Suwidin na Ling, da na Niels Bukh ɗan Denmak, da kishin ƙasa na Indiyawan da ke son ƙaryata zargin Ingilishi cewa su raunana ne, duk suka haɗu suka haifi yogar da ake gani a yau. Gaisuwar rana ma, jerin da mutane da yawa ke ɗauka shi ne mafi tsufa, sarkin Aundh ne ya yaɗa ta a shekarun 1920 da 1930 a matsayin motsa jiki. Daga baya an gyara wannan hoto kaɗan, domin an yi nazarin wani matani na ƙarni na 18, Hathabhyasapaddhati, mai asana 112 da yawansu na motsi ne, wanda kwafinsa ya isa fadar Maisur, abin da ya nuna cewa Indiya tana da nata jerin motsi kafin atisayen Turai ya iso. Ko ta wace fuska aka duba, abin da ke hannu saƙa ce ta zare iri-iri, kuma masaƙinta mafi gwaninta shi ne Krishnamacharya kansa. Da ɗansa ya gabatar da shi a matsayin mai ƙirƙira, da ya fi yi masa adalci, ko da yake al'adar da suka fito tana ganin ƙirƙira aibi ce, gado kuwa daraja.

Fassarar Patanjali ita ma tana da nata zance. Jumla ta biyu ta matanin, wadda ke bayyana mene ne yoga, tana rataye ne a kan kalmar niroda, wadda mafi yawan masu fassara suka fahimta da tsayarwa ko kashe kai-komon zuciya. Desikachar ya juya ta ta zama iya fuskantar da hankali ga abu ɗaya a dawwama a kansa. Maƙasudin ƙarshe kuwa, kaiwalya, asalinsa kaɗaitaka ne, rabuwar mai gani da duk abin da ake gani, manufa ta masu gudun duniya. A hannunsa ya zama ƴanci da mutum zai more yana cikin iyalinsa da aikinsa. Babi na uku, mai cike da zancen ɓacewa daga ido da tashi sama da sanin rayuwar da ta gabata, an sassauta shi har ya kusa zama darasin sanin halayyar ɗan Adam. Patanjalin da ke wannan littafi dattijo ne mai fara'a, mai ba magidanta shawara, alhali na asali ya fi haka tsanani nesa ba kusa ba. Fassara ce mai amfani ga mai aiki, amma wanda ke son sanin abin da matanin ya ce sai ya haɗa da wata.

Ba shi ne farkon wanda ya karkatar da Patanjali zuwa ga masu sauraronsa ba. Tun a farkon ƙarni na 11 Abu Raihan al-Biruni, masanin Huwarizm da ya koyi Sansikirit, ya juya littafin zuwa Larabci da sunan Kitabu Batanjal, ya tsara shi tambaya da amsa, ya fassara Ishwara da Allah, allolin Indiyawa kuma da mala'iku, domin mai karatunsa ya sami inda zai kama. Kwafin ya kwanta a wani ɗakin littattafai na Istambul har Louis Massignon ya ci karo da shi a 1922, Hellmut Ritter ya buga shi a 1956. Batun Ishwara har yanzu shi ne wuri mai santsi. Krishnamacharya mutum ne mai tsananin riƙo da addininsa, kuma waƙarsa da aka rufe littafin da ita tana ɗauke da wannan ruhi. Ɗan kuwa ya nace cewa yoga ba ta shardanta wani imani ba, kowa ya riƙe nasa. Ba kowa ya gamsu da wannan raba gari ba: a 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Maleshiya ta hana Musulmi yogar da ta haɗa da rera kalmomin bauta, yayin da wasu ƙungiyoyin Hindu ke ƙorafin kishiyar haka, wai an yi wa yoga tsirara an raba ta da addinin da ya haife ta. Littafin ya ratsa ta tsakanin waɗannan biyu da ladabi, amma bai tsaya ya fuskanci tambayar ba, kuma mai karatu mai addini zai ji wannan giɓi.

Abin lura shi ne rushewar tushe na biyu ba ta taɓa na farko ba. Ko Nathamuni ya faɗa ko bai faɗa ba, numfashi yana gajarcewa in an wuce iyaka, kuma kowa na iya gwada haka a kan tabarmarsa cikin minti biyar. Ko gaisuwar rana ta shekara dubu ce ko ta shekara ɗari, dattijo mai hawan jini da yarinya ƴar shekara 15 ba aiki ɗaya ya kamace su ba. Littattafan da suka kafa darajarsu a kan cewa jerinsu tsoho ne, ba a taɓa shi, su binciken tarihi ya fi girgizawa. Na Desikachar ya tsira domin abin da ya kira tushe hanya ce ta lura: a dubi mutumin, a saurari numfashinsa, a fara daga inda yake. Malamin lakol da ya taɓa mayar da ɗan aji shida ga haɗa baƙi da wasali, domin ya gano cewa haddar shafi yake yi ba karatu ba, ya san irin wannan komawa, ya kuma san yadda take da ɗaci ga mai girman kai.

Akwai wani cikas da littafin bai iya tsallakewa ba, kuma daga cikin hujjarsa ya fito. In gaskiya ne cewa kowane mutum da aikin da ya dace da shi, to wa zai gane abin da ya dace? Amsar marubucin a kowane babi ita ce malami, wanda ya san ɗalibin, ya ga tafiyarsa, ya ji numfashinsa. Haka ake yi a cibiyarsa ta Cennai, mutum ɗaya malami ɗaya. Mai karatun da ke zaune a garin da babu irin wannan malami, sai littafi da bidiyon waya, an ba shi ƙa'idodin gini an ce kada ya gina shi kaɗai. Wannan ya fi tsanani a babin sarrafa numfashi da na ɗaure-ɗauren ciki, inda ake zancen riƙe numfashi bisa ƙididdiga, abin da bai kamata mai ciwon zuciya ko mai ciki su gwada daga takarda ba. Sa'an nan dogaro ga malami yana da nasa haɗari, wanda littafin 1995 bai hango ba: shekarun 2010 sun fito da ƙorafe-ƙorafen cin zarafi a kan manyan malaman yoga na rassa daban-daban, kuma da yawan waɗanda abin ya shafa sun ce koyarwar miƙa wuya ga malami ce ta rufe musu baki. Desikachar ya siffanta alaƙar malami da ɗalibi da amana da girmamawa, bai ce komi ba game da ranar da amanar ta karye. Abin mamaki, maganin yana cikin littafinsa, domin ɗalibin da aka koya wa amincewa da shaidar numfashinsa yana da abin da zai auna umarnin malami da shi, amma marubucin bai kai zancen can ba.

Ta fuskar rubutu, littafin ba shi da ado. Yana maimaita kansa kamar yadda mai lacca ke yi, kashi na biyu game da duhun zuciya da sawun da ayyuka ke bari ya fi na farko sanyi, wasu amsoshin kuma gajeru ne har su bar mai tambaya da ƙishirwa. Hirar farko ta yi tsawo, yabon uba ya yi yawa. Wanda ya zo neman jeri da zai bi gobe da safe zai sami misalai kaɗan a ƙarshe, kuma ko su an gargaɗe shi kada ya ɗauke su doka.

Wannan gargaɗi marubucin ya yi wa kansa shi daga baya. Tun shekarun 1980 ɗalibansa na Turai da Amurka suka riƙa kiran koyarwarsa Viniyoga, kalmar da ke cikin Patanjali mai nufin aiwatar da abu gwargwadon hali, har aka yi mujalla cikin Faransanci mai wannan suna a Beljiyam, aka buɗe makarantu, aka fara ba da takardun shaida. Da ya ga kalmar ta zama tambari, ana jera ta kusa da tsarin Iyengar da na Jois kamar haja a kanti, sai a farkon shekarun 2000 ya nemi a daina danganta ta da shi. Wasu ɗaliban sun bi, wasu sun ci gaba da amfani da ita domin da ita aka san su. Ya rasu a Cennai ranar 8 ga Agusta 2016, yana da shekara 78, ba tare da ya sanya wa abin da yake koyarwa wani suna ba in ban da yoga.